Kaka a Ajin Jikarta

Ranar Talata da hantsi Ubangiji ya kira surukata. Ta gama ba wa doyarta ruwa, wadda take shukawa cikin buhunan siminti a bayan gidanmu na Jikwoyi da ke gefen Abuja, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta jingina da bango, shi ke nan. Ba ta yi jinya ba, ba ta wahalar da kowa ba. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinta da waɗanda za su haifa, kada wata rana a nuna musu hotonta a ce musu wata tsohuwa ce daga ƙauye. Ni ma haka na ɗauke ta shekara da shekaru, kuma na sha kunya.

Wadda ta fara shigowa ita ce maƙwabciyarmu, Maman Tagwaye. Musulma ce, amma ita ta cire mayafinta ta lulluɓe gawar kafin mu dawo hayyacinmu, kuma ta fi mu kuka. Kafin azahar an kafa kanofi a ƙofar gida, matan majami'armu sun cika kujerun roba suna waƙa ƙasa-ƙasa. Abokan aikin maigidana, kafintoci daga Gwarinpa, suka zo da garin katako a gashinsu, suka zauna jugum kamar su aka yi wa mutuwar. Shi kuwa maigidan ya yi ta maza, yana amsa gaisuwa yana ba da hannu, har sai da ya ci karo da takalmanta na roba a bakin ɗaki. A nan ya durƙusa.

Washegari wata bas ta tsaya a layinmu, ta sauke tsofaffin matan zumunta na majami'a daga Yangoji, ƙauyen surukata, duk cikin anko ɗaya. A gabansu akwai aminiyar marigayiya, wata doguwar tsohuwa mai sanda, rungume da wani ƙunshi a ƙirjinta. Hausarsu irin ta surukata ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Ta kama hannuna ta ce, "Sannu da rashi, ɗana. Mu kam mun yi asarar mai karatu."

Na ce, "Gaskiya ne, Mama. Kuma kin san 'yata ce ta koya mata, da hannunta, a wannan barandar."

Matan suka kalli juna. Ɗaya ta ja gefen zane ta rufe baki. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, a gidan makoki. Aminiyar ta kwance ƙunshin a hankali, sai ga tsohon Littafin Allah na Hausa, bangonsa ya saɓule an ɗinke shi da zaren buhu, gefen takardun ya yi baƙi don yawan buɗewa.

"Wane koya?" in ji ta. "Wannan mata yana karanta mana tun mijinka yana goye a bayansa. Matar mai bishara ne ya koya masa a gindin ɗorawa. Ga Littafinsa nan, ya ba ni ajiya."

Sai a lokacin na gane ashe tun da ta iya karatu. Amma ba kunyata ce ta fara zo mini ba, 'yata ce. Na ja tsofaffin nan zuwa ɗaki na rufe ƙofa, na roƙe su don Allah kada maganar ta kai kunnen yarinyar. Ita aka sa za ta yi karatu a wurin jana'iza ranar Asabar. Kuma duk abin da yarinyar nan ta zama, duk ɗaga kai da take yi a cikin mutane, a kan magana ɗaya ya tsaya: ita ce ta koya wa Kakarta karatu. Na ji tsoron idan aka zare wannan, za ta koma yarinyar da na sani a da, wadda ba ta iya buɗe baki.

Bari in koma baya, don a gane abin da nake tsoro.

Surukata Gbagyi ce, gajera, kafaɗarta ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Matan ƙabilarsu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, kuma ta yi shekara sittin tana hakan. Ta zo mana wankan jego lokacin da na haifi auta, daga nan ba mu bar ta ta koma ba. Ni 'yar Zariya ce, na yi boko, ina aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati, kuma ina ji da kaina. Idan ta dawo daga kasuwa da kwano a kafaɗa, yara na binta da kallo, sai in ji kamar in nutse. Har gammo na naɗa mata wata rana. Ta juya shi a hannu ta miƙo mini abina. Ta ce, "Kai ba jaki ba ne. Allah ya ba shi aikinsa daban."

Ban taɓa tambayarta ko ta iya karatu ba. Me zai sa in tambaya? A asibiti, idan aka miƙo takardar Turanci, dangwala yatsa take yi. A majami'armu da Turanci ake yawancin sujada, sai ta naɗe hannu ta zauna. A gida ɗanta ne yake karatun safe. Ta haddace ayoyi masu yawa, na ce ai yawan ji ne. Na haɗa waɗannan da kwanon kafaɗa, na yanke hukunci ni kaɗai, na rufe shari'a.

'Yar farina tana da shekara tara a lokacin, kuma ba ta iya karanta layi ɗaya ba. Sau biyu ta maimaita aji. Mun sa mata lesin, mun canza makaranta, ba ta canza zane ba. Malamarta ta ƙarshe takan tsayar da ita a gaban aji ta ce ta karanta, idan ta kasa sai ta sa sauran yara su yi mata waƙar daƙiƙiya. Yarinyar ta daina magana a gida. Kowace safiya sai ta yi amai kafin ta sa yunifom. Ni kuma ina fita tun da sassafe saboda cunkoson hanyar Nyanya, ba ni da lokacin lallashi, sai tsawa.

Wata Litinin na same ta a ƙarƙashin gado. Na jawo ta da ƙafa, na zura mata riga. Surukata ta shigo. Ta cire wa yarinyar yunifom ɗin, ta ninke shi tsaf, ta ɗora a kan kujerarta, ta zauna a kai.

"Yau ba ya zuwa," in ji ta. "Gobe ma ba ya zuwa."

Na yi tsalle na dire. Na ce wannan Abuja ce, ba gona ba ce. Na ce so take yarinyar ta ƙare da tallan doya a bakin titi. Ko a jikinta. Sai zuciya ta ɗebe ni, na faɗi maganar da har yau idan na tuna nake jin zafi a fuskata. Na ce, "Mama, ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa ba, me kika sani game da makaranta?"

Ɗanta yana tsaye a bakin ƙofa. Na ga ya buɗe baki, na ga ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta kalli yarinyar da ke raɓe a bayan labule, fuskarta ta saki kamar wadda aka yi wa albishir.

Ta ce, "To. Ka ga kuwa ina neman malami."

Haka makarantar gidanmu ta fara, daga zagina. Maigida ya ce a gwada zango ɗaya. Ya shafa wa wata tsohuwar ƙofa baƙin fenti ya jingina ta a baranda. Aka tsara cewa ni zan koya wa yarinyar shafi ɗaya idan na dawo aiki da yamma, ita kuma da safe ta koya wa Kaka abin da na koya mata. Na yarda ne kawai don in nuna musu ba zai yiwu ba. 'Yan'uwana suka ce mun kashe wa yarinya rayuwa. A majami'a aka riƙa yi mana kallon waɗanda suka shiga wata sabuwar ɗarika. Yayata da ke Gwarinpa ta kira ni ta ce, "A wannan zamanin? A ce surukarki 'yar ƙauye ce hedimasta?"

Ranar farko Asabar ce, don haka na gani da idona. Surukata ta shimfiɗa tabarma ta zauna a ƙasa, ta ɗora yarinyar a kan kujera. Ta karyo tsumagiya daga bishiyar dalbejiya ta miƙa mata da hannu biyu.

"Malama, ga bulala. Idan na yi kuskure, ka dake ni."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta ce, "Kaka, ba zan dake ki ba."

"Ko na kasa sau goma?"

"Ko kin kasa sau ɗari."

"To," in ji surukata. Ta karɓi tsumagiyar ta karya ta gida biyu, ta jefa a murhu. "Malama ya kafa doka. A wannan makaranta babu duka."

Ban taɓa ganin ɗaliba mai taurin kai irin surukata ba. Abin da aka koya mata yau, gobe ta manta. Takan ɗaga hannu kafin ta yi magana, ta nemi izini kafin ta je shan ruwa. Ta ƙi Turanci ƙememe, ta ce ita ba ta ji, kuma abin da take so ta karanta shi ne Maganar Allah da Hausa, don haka da Hausa za a fara. Na yi mita, amma ɗaliba ta fi ƙarfina. Sai ka ji ta tana jan kalma ɗaya kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, ta kai tsakiya ta tsaya, ta ce, "Malama, ban gane ba." Yarinyar ta sauko daga kujera, ta ɗora yatsa a kan takarda, ta ce, "Ba komai, Kaka, mu sake." Ita da ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakin malami ba, ko daga bakina, ga shi tana faɗa wa wani.

Akwai abin da na lura da shi tun a lokacin, na kasa gane ma'anarsa. Duk kuskuren da yarinyar ta yi mini da yamma, wanda na yi ta tsawa a kai, shi ne surukata za ta yi washegari da safe, daidai wurin, ba gaba ba baya. Sai yarinyar ta gyara mata, garin gyarawa ita ma ta gane. Na faɗa wa maigida cewa abin a jini yake, daga wajensu yarinyar ta gado. Ya ce mini, "Haka ne," ya fita da sauri. Yanzu na san dariya ya je yi.

Mun sake yin faɗa sau ɗaya. Ina da halin idan na dawo aiki, kafin in ajiye jaka, sai in buɗe littafi in ce yarinyar ta karanta mini in ga ko an ci gaba. Nan take sai harshenta ya sarƙe. Surukata ta bari sai da yara suka fita, ta kira ni bayan gida wurin buhunanta. Ta nuna mini ɗaya, ba komai a kansa sai ƙasa. Ta ce, "Na binne doya a nan sati uku. Ka taɓa ganin na zo na tone shi in duba? Ka bar yaron nan." Na ce ai yaro ba doya ba ne. Ta ce ta sani, doya ya fi haƙuri. Na yi fushi kwana biyu, amma na daina.

Tarbiyyarta ba ta da yawan wa'azi. Addu'arta gajera ce, da yarensu take yi, kamar mai magana da wanda ke zaune kusa da ita. Idan lasifikar wata majami'a ta dame mu, sai ta ce, "Allah ba kurma ba ne," ta ci gaba da tsince wake. Amma tana da doka ɗaya a addu'ar safe: kowa sai ya ambaci mutum ɗaya da ya ɓata masa rai, ya roƙa masa alheri. Ni na sha ambaton direbobin bas. Ranar da ta ce yarinyar ta yi wa tsohuwar malamarta addu'a, yarinyar ta ɗaure fuska ta ce ba za ta yi ba. Na zaci za a tilasta mata. Surukata ta ce, "Ba laifi. Ni zan riƙe maka har ka shirya." Kowace safiya ta Allah sai ta roƙa wa matar nan lafiya, da ita da 'ya'yanta, matar da ba ta taɓa gani ba. An yi wata biyar ana haka. Wata safiya, da ta gama, muka ji wata 'yar murya ta ce amin. Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya yaba, aka ci gaba da addu'a.

Zango ɗaya ya zama shekara. Da Hausa ta zauna a bakin yarinyar, Turanci ya biyo baya ba tare da kokawa ba. Na ajiye aikin ma'aikata, na buɗe ɗan shagon buga takardu a ƙofar gida, muka cire ƙannenta biyu su ma suka dawo baranda. Ubansu yana koya musu lissafi da tef ɗin awo, ni ina ɗaukar Turanci da sauran darussa, Kaka tana nan a kan tabarmarta, ɗaliba mafi tsufa kuma mafi yawan tambaya. Tagwayen maƙwabciyarmu sukan shigo bayan sun taso daga tasu makarantar. Da an kira salla surukata za ta tafa hannu ta ce wa tagwayen, "Ku je ku gaida Allah ku dawo." Ƙaninta na Yangoji Musulmi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ta ce ba ta taɓa cin abinci a gabansa da azumi ba.

A shekara ta uku, ranar sujadar godiya ta lokacin girbi, aka yi sujada da Hausa. Surukata ta kai doyarta ta farko gaban bagadi, wurin da fasto yake tsayawa, a kafaɗa. Sannan ta ce wa fasto tana so ta yi karatu. Ta tsaya, jikarta a gefenta tana bin layi da yatsa, ta karanta aya biyar a hankali, har da tuntuɓe sau biyu, yarinyar tana raɗa mata. Da ta gama ta ɗaga hannun yarinyar sama ta ce, "Ga malamina." Majami'a ta ɗauka da guɗa. Waɗanda suka yi mana kallon 'yan ɗarika su ne suka fara tashi rawa. Tun daga ranar 'yata ta daina tafiya tana kallon ƙasa.

A hanyar komawa gida ranar, cikin farin ciki, na ƙara wa kaina wani laifin. Na dafa surukata na ce, "Mama, kin gani ko? Yanzu ke ma kin waye." Ta ce, "Na gode, ɗana."

Bara yarinyar ta zauna jarrabawar gama sakandare tare da masu rubutawa daga gida, ta ci. Shekararta goma sha bakwai, kuma koyarwa take so ta karanta. Duk wanda ya tambaye ta dalili, amsarta ɗaya ce: "Ni na koya wa Kakata karatu." Wannan ce maganar da tsofaffin Yangoji suka zo suka rushe mini a ranar Laraba.

Na ɓoye tsohon Littafin a ƙasan akwatin zannuwana. Ranar Alhamis da safe na tare maigida a bayan gida na ce, "Baban yara, ashe ka sani?" Karon farko ke nan da ya yi dariya tun rasuwar, dariya da hawaye tare. Ya ce tun yana ƙarami ita take karanta wa rabin unguwarsu wasiƙa. Ya ce a ranar da na zage ta, da na fita aiki, ta kira shi ta ce idan ya buɗe baki sai dai ya kwashe ta ya mayar Yangoji. A satin ta aika da Littafinta gida don kada a gani. Ta ce masa, "Matarka ya ba ni dabara. Yaron nan ya gaji da waɗanda suka fi shi sani."

Aminiyarta ma ta ba ni nata labarin. Ta ce abin ya riƙa damun marigayiya. Duk shekara idan ta je girbi sai ta ce matan zumunta su taya ta addu'a, ko shirun nan nata ya zama ƙarya a gaban Allah. Takan ce ita dai ba ta taɓa furta cewa ba ta iya ba, an faɗa mata ne ba ta musa ba. Ni ba malamar tauhidi ba ce, ban san yadda za a auna wannan a sama ba. Abin da na sani shi ne na zagi mace a gaban ɗanta, tana da amsar da za ta rufe mini baki har abada, ta haɗiye ta shekara takwas saboda 'yata. Kuma ta tafi ban ba ta haƙuri ba.

Ranar Juma'a da la'asar na shiga ɗakin marigayiya in kwashe kayanta. Na tarar da 'yata zaune a kan tabarma, tsohon Littafin a buɗe a cinyarta. Ta je neman farin zane a akwatina ta ci karo da shi. A shafin farko akwai sunan Kakarta, da rubutun hannu mai kyau, tawadar ta koɗe don tsufa. Na fara harhaɗa magana, na ce wataƙila wani ne ya rubuta mata.

Ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Mama, kada ki wahalar da kanki. Na sani."

"Wa ya faɗa miki? Tsofaffin nan ne ko?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Tun ina shekara goma na sani."

Na zauna a bakin gado. Ta ce in tuna lokacin da ta yi zazzaɓi mai zafi, ina wurin aiki. Tana kwance da rana, idonta a rufe, Kaka ta zaci barci take yi. Sai ta ji an ɗauko Littafin Baba, an zauna kusa da kanta, an buɗe. Kaka ta karanta mata sura guda daga farko har ƙarshe, tana juya shafi, ba tuntuɓe ko ɗaya, a wurin da ba su taɓa zuwa ba. A satin kuwa suna fama ne da kalmomi masu gaɓa biyu.

Na ce, "Ba ki ji haushi ba?"

"Na ji, na kwana ɗaya. Na ce ashe wasa ake yi da hankalina. Amma da na warke na fito baranda, na same ta ta riga ta shimfiɗa tabarma ta zauna a ƙasa tana jirana. Sai na yi tunani, babbar mace kamar Kaka, ta iya abinta, amma ta yarda ta zauna a ƙasa kullum, ta yarda a ce mata jahila, don ni. Na ce ashe ina da daraja. A makaranta ba wanda ya taɓa sa na ji haka."

"Me ya sa ba ki faɗa mata kin gane ba?"

"Idan na faɗa ai makaranta ta tashi. Kuma tana jin daɗin abinta." Ta share ido da bayan hannu, sai kuma ta yi murmushi irin na Kakarta. "Baba ya sani, ni na sani, Kaka ta sani. A gidan nan, Mama, ke kaɗai ce ba ki sani ba."

Na yi kuka, na yi dariya, ban san wanda ya fi yawa ba. Kwana uku ina gadin yarinya kada gaskiya ta karya ta, ashe gaskiyar ce ta riƙe ta tun tuni.

Ranar Asabar muka kai surukata Yangoji. An haƙa kabarin a gefen gonar doyarta, kusa da na mijinta. Ƙaninta ya zo da jama'ar masallacinsu suka tsaya a inuwa, har aka gama ba su tafi ba. Kafin a rufe akwati na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini," a gaban kowa, tunda a gaban mutum na yi laifin. Da lokacin karatu ya yi, fasto ya miƙa wa 'yata sabon Littafi, ta ce ta gode, tana da nata. Ta buɗe tsohon nan mai ɗinkin zaren buhu, ta karanta surar da aka karanta mata ranar zazzaɓi. Muryarta ta kai har bakin hanya, ba ta yi rawa ba. Da ta rufe, tsofaffin matan zumunta suka saki guɗa, suka zagaye kabarin da rawa, fasto ya rasa yadda zai yi da su sai ya ƙyale.

Bayan an watse, aminiyar marigayiya ta dogaro sandarta ta zo wurin 'yata, sauran tsofaffin na biye da ita. Ta ce, "Malama, mai karatunmu ya tafi. Shekara arba'in muna dogara da shi, ba mu koya ba. Ka zo ranar Asabar-Asabar ka koya mana. Muna da tabarma."

'Yata ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta ƙanƙance ido. Ta ce, "Kaka, tsaya tukuna. Kin tabbata ba ki iya ba?"

Tsohuwar ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ta ce, "Ni kam nawa na gaskiya ne."

Yau Asabar ta shida ke nan. Da sassafe nake raka ta tasha, Littafin Kakarta a cikin jaka, jakar a rataye a kafaɗa. Ɗalibanta goma sha ɗaya, ƙaramarsu ta haura sittin, kuma ta ce mini a ranar farko sun kawo mata bulala.

Mama, Ubangijin da kika bauta wa ya ba ki hutu a wurinsa. Makarantarki ba ta tashi ba.